Sashe na Goma Sha Huɗu

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 7 na safe

Na sayi littafin nan ne don in riƙa rubuta awon jinina kamar yadda likita ya ce. Ga shi tun shafin farko na saki hanya.

Shekara ashirin da shida ke nan ina aiki a ofishin tantance dokoki na majalisa. Aikinmu ba ya shiga rediyo. In 'yan majalisa sun gama hayaniyarsu sun amince da doka, sai a kawo mana kwafi biyu: wanda aka amince da shi a zaure da gyare-gyarensa na biro, da wanda aka buga tsaf za a kai wa hatimi. Ɗayanmu ya riƙe wannan yana karantawa da ƙarfi, ɗayan ya riƙe wancan yana bi da yatsa. Kowace kalma, kowane waƙafi, sai an furta. In an kai ƙarshe mu sa hannu mu biyu a takardar shaida cewa an karanta. Daga nan abin da aka buga shi ne doka, ko da shirme ne. 'Yan ofis suna ce mini Uwar Waƙafi, kuma ban taɓa jin haushi ba.

Dokar kare gandun daji da samar da wutar sola ta fito ranar 28 ga watan jiya. Ta hana sarar itace da ƙona gawayi a gandun gwamnati. Sashe na goma sha huɗu ya ce hanin ba zai fara aiki ba sai gwamnati ta kashe kuɗin da aka ware a kasafin bana: ta raba murhun zamani, ta kafa sola a kasuwanni, ta ba masu sana'ar itace jarin sauya sana'a. Wata tara aka yi ana tayar da jijiyar wuya a kan sashen nan kafin ya wuce.

Ba ya cikin dokar da aka buga. An zare shi, an mai da na sha biyar ya zama na sha huɗu, lambobi sun tafi sumul kamar ba a taɓa komai ba. Jaridu sun gano ranar Asabar. Sa hannuna yana ƙasan takardar shaida, kusa da na Malam Tabarau, abokin karatuna.

Jinin ban auna ba.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe 1 na rana

Magatakarda, shugaban ma'aikatan majalisa, ya kira mu ofishinsa. Bai ce mu zauna ba.

"An karanta dokar nan, ko ba haka ba?"

Malam Tabarau ya ce, "An karanta, ranka ya daɗe."

Ni kuwa na tsaya ina kallon wayar fanka da ta zazzago daga silin. Shekara uku ana cewa za a gyara ta.

Magatakarda ya yi mana bayanin abin da mun fi shi sani. Muddin takardar shaida tana nan daram, dokar ta zauna yadda aka buga ta. Mai son gyara sai ya kawo sabon ƙudiri, a faro daga tushe, kuma ba za a gama ba kafin shekara ta ƙare. Kuɗin murhu da sola su koma baitulmali, hani kuwa ya ci gaba da aiki. Hanya ɗaya ce ta rage: in ɗaya daga cikin masu sa hannu ya yi rantsuwa cewa ba a karanta ba, takardar ta mutu, Kakakin majalisa yana da ikon sa a sake bugawa. Amma sai cikin kwana talatin da fitowar doka. Ranar 27 ke nan.

"Tunda kuwa an karanta," in ji shi, "wannan ba ta taso ba. Ku koma bakin aikinku."

Muka koma.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe 6 na yamma

Ba zan rubuta zancen waccan Alhamis ɗin ba.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

Gwaggo mai itace tana bakin layinmu tun kafin in tare a gidan nan. Kowa Gwaggo yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. A da tulin itacenta yakan kai kafaɗata. Yau ɗauri bakwai na ƙirga, su ma sirara. Ma'aikatan gandun daji sun kama motar da ke kawo mata kaya.

Na so in wuce ta ɗaya gefen titi, ta hango ni.

"Malama! Ke da kike can ciki, ina maganar murhu da jari? Sau biyu na rubuta sunana, har hoto aka ɗauke ni."

"Ana kan magana, Gwaggo."

"Magana ai ba ta dafa tukunya, 'yar nan. Jikoki huɗu gare ni a ɗaka. Ni ban ƙi a bar daji ya huta ba, ni ma na ga yadda ya zama fili fetal. Amma ka ce wa mutum sauka, ka janye tsani?"

Na sayi ɗauri biyu, ni da nake girki da gas. Suna nan jingine bayan ƙofa, duk na wuce sai na yi tuntuɓe da su.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe 11 na safe

Yaya ya zo da jarida a hammata. Tunda ya yi ritaya daga tuƙin motar asibiti ya zama lauya, ya zama likita, ya zama mai sharhin siyasa, duk a kan kujerata mai hannu. Ya sha shayi kofi biyu kafin ya taɓo zancen.

"Ke kika cire sashen?"

"Haba Yaya."

"Kin san wanda ya cire?"

"Ban sani ba."

"To ki ja bakinki ki yi shiru. Wanda ya iya zare sashe guda daga dokar ƙasa ya gyara lambobi, ba sa'anki ba ne. Saura shekara biyu ki yi ritaya. Kada ki ɗebo da zafi."

Na ɗauke butar shayi. Ya daɗe yana kallona ta saman kofin, sannan ya ce, "Tun kina yarinya in kin fasa kwano haka kike yi da baki." Ya naɗe jaridarsa ya tafi, bai ma tsaya cin abinci ba.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe 2 na rana

An kawo wata 'yar takarda daga kwamitin ruwa. Malam Tabarau ya karɓa, ya kai ta dab da hancinsa, ya matsar da ita nesa, ya goge gilashi da bakin riga, sannan ya miƙo mini yana cewa, "Duba mana, Uwar Waƙafi, rubutun yaran yanzu kamar tsaki."

Rubutun inji ne, manya-manya.

Shekara biyu ke nan yanar ido tana cin ganinsa, mu biyu kaɗai muka sani a ginin nan. Ni ke karantawa da ƙarfi, shi yana bi da yatsa, amma rabin bin nasa da kunne yake yi, don kansa ya fi inji riƙe magana. In ya ji wani abu bai zauna ba sai ya ce, "Tsaya. Maimaita." Ko da idon nan nasa bai taɓa barin kuskure ya wuce mu ba. Shi ya koya mini aikin. Ranar da na fara, sai da ya sa na maimaita shafi ɗaya sau biyar don na haɗiye "da" guda ɗaya.

Saura wata huɗu ya yi ritaya.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe 7 na safe

Na auna jinin. Ya hau. Kwana goma sha shida suka rage.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe 6 na yamma

To, bari in rubuta, in huta da tuntuɓe da shi.

Waccan Alhamis ɗin, ranar karatun dokar, an ba Malam layin ganin likitan ido ƙarfe biyu, bayan ya yi wata uku yana jira. Kwafin dokar bai iso ba sai ɗaya da rabi, shafi sittin da takwas, masinja tsaye a ƙofa yana cewa ana jira a sama, yau za a buga hatimi. Malam ya tashi ya zauna, ya tashi ya zauna. Ni na ce masa, "Tafi, Malam. Sa hannu ka tafi, zan duba." Bai roƙe ni ba. Ni na miƙa masa biro.

Na duba. Na bi kanun sassa, na ga lambobi sun jeru ɗaya zuwa arba'in da ɗaya, na buɗe nan na buɗe can, na gyara waƙafi biyu, har ina jin daɗin kaina. Ban karanta da ƙarfi ba, don wa zan karanta wa? Minti ashirin na yi a kan aikin awa uku. Na sa hannu.

Ban san wanda ya cire sashen ba, ban san ko ya san za mu yi sakaci ba ko kuwa sa'a ya taka. Abin da na sani, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon ni ce. Ina jin kunya irin wadda ban taɓa ji ba, har ba na son jin an kira ni da sunan nan na ofis.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe 4 na yamma

Na je gidan Malam. Matarsa ta shimfiɗa mini darduma a falo, ta kawo ruwa, ta fita ta ja ƙofa. Yana zaune da rediyo a cinya.

"Malam, ina so in yi rantsuwar nan."

Ya kashe rediyon. "Na san abin da ya kawo ki tun daga sallamarki."

"In ba a yi ba kafin 27, kuɗin nan sun tafi."

"Mu muka cire?"

"Mu aka ajiye don kada a cire."

Ya shafa rediyon da ke cinyarsa. Can ya ce, "Shekara talatin da biyar, Malama. Ban taɓa karɓar takardar gargaɗi ba. Wata huɗu ya rage in fita da mutuncina da fanshona. Aikin idon nan ma da shi nake sa ran yi. Ki bari in fita, sannan ki yi abin da kika ga dama."

"Sannan ba shi da amfani, Malam."

"To ni ne mara amfanin ke nan."

Na ce ya kai takardar likita ofis ranar Litinin, ya nemi ritayar rashin lafiya kafin in shigar da rantsuwar, wataƙila a sassauta masa. Ya ce wato ya rubuta da hannunsa cewa shekara biyu yana sa hannu a dokokin ƙasa ba ya gani? Ya ce gara a kore shi.

Da zan fita matarsa ta raka ni bakin ƙofa, ta ce, "Ki gaida gida," ba ta kalle ni ba.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe 1 na rana

Na ɓata takarda shida ina ƙoƙarin rubuta rantsuwar da za ta ambace ni ni kaɗai. Ba ta yiwuwa. Karatun na mutum biyu ne. Duk yadda na juya jimlar, in na ce ba a karanta ba, na ce Malam bai karanta ba.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe 3 na rana

An ɗauke kwamfutar da aka shirya kwafin bugawa da ita, wai an kai gyara. Ba wanda ya san wace rana, ba wanda ya sa hannu a fitarta.

A matattakala wani mutum mai tsadadden takalmi, wanda nake gani a hawa na sama ban san aikinsa ba, ya gaishe ni da suna. Ya ce, "An ce jininki yana hawa, Malama. A riƙa hutawa, aikin gwamnati ba ya ƙarewa." Ban faɗa wa kowa zancen jinina a ofis ba.

Na ce masa na gode, Allah ya bar zumunci. Na ji tsoro har na kai kujerata, ba zan ɓoye ba. Amma da na zauna sai na ji haushi ya fi tsoron yawa. Da ya san halina da bai gaishe ni ba.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe 7 na safe

Kwana takwas.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe 6 na yamma

Babu itace ko ɗauri ɗaya a bakin layi. Jiya Gwaggo ta bi wasu mata suka shiga gefen gandun tsintar busasshe, aka kama su, aka ƙwace igiya da gatari, aka sa su zaman rana har la'asar. Yau ta fito ta share wurinta tas, ta yayyafa ruwa, ta zauna a kan kujerarta.

"Gwaggo, me kike sayarwa?"

"Wurin nake tsaro. In na tashi mai gyaran waya zai kafa tebur."

Ta yi dariya, ni na kasa. Ta ce, "Yaron da ya kama ni ma haƙuri yake ba ni. Ya ce Gwaggo, doka ce, ba ni na rubuta ba. Na ce to wa ya rubuta, a nuna mini shi in gaishe shi."

Ina tsaye a gabanta da jakata a kafaɗa. Na ce mata sai da safe.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe 12 na rana

Na jira har ofis ya rage mu biyu.

"Malam, ranar Litinin zan shigar da rantsuwar. Na faɗa maka ne don kada ka ji a bakin wani."

Yana ta jera birukansa a aljihun tebur, ja da baƙi da shuɗi, da lalube.

"Zan rubuta cewa ni na ce ka tafi, ni na ba ka biro. Zancen ido ba zai fito daga bakina ba."

"Allah ya saka," ya ce. Ban san da me yake nufin a saka ba, kuma ban tambaya ba.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

Na goge kayan da zan sa. Na kira Yaya na faɗa masa. Ya yi ta faɗa har katinsa ya ƙare, ya sake sayen wani ya kira ya ƙarasa. A ƙarshe ya ce, "Ƙarfe nawa? Ni zan kai ki, kada ki hau motar haya da wannan jinin."

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe 7 na safe

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Mu je.

Litinin, ƙarfe 4 na yamma

Na fara zuwa kotu na yi rantsuwa aka buga hatimi, na yi kwafi uku. Ɗaya na kai ofishin Kakaki na sa sakatariyarsa ta sa hannu a littafin karɓa, da rana da lokaci, ina tsaye a kanta. Ɗaya na bar wa Yaya a mota. Sannan na hau wurin Magatakarda da na ukun.

Ya karanta, ya cire hula ya ajiye a tebur.

"Kin san abin da kika yi wa kanki?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Da dattijon nan?"

"Shi ma na sani."

"Ki ɗauki takardar nan ki koma gida ki yi tunani. Ni ban gan ta ba."

"Ofishin Kakaki sun gani tun ƙarfe goma da minti arba'in."

Ya mai da hularsa kai. Ban iya gane ko haushi ya ji ko sauƙi ba, wataƙila shi ma bai gane ba. Ya ce in tafi za a neme ni.

A mota Yaya bai yi sharhi ko ɗaya ba. Ya tsaya ya saya mini lemo mai sanyi, ya manta likita ya hana ni.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe 2 na rana

An dakatar da mu, ni da Malam, har sai kwamitin ladabtarwa ya zauna. An tsayar da maganar ritayarsa. Na kira wayarsa sau uku, ba a ɗauka ba.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe 6 na yamma

Shiru daga ofishin Kakaki. In bai sa hannu gobe ba, na kashe mana aiki a banza. Na wanke labule, na wanke wanda na wanke shekaranjiya. Ko da zai zama a banza, da za a sake ba ni ranar Litinin da na sake shiga. Na rubuta wannan ne don in gani da idona, kuma na gani, ban goge ba.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe 4 na yamma

Kakaki ya sa hannu ƙarfe uku da kwata. Za a sake bugawa da sashen a ciki. Rediyo ta ce "kuskuren ma'aikata" ne, ba a tambayi wanda ya gyara lambobi ba. Na sanar da Gwaggo, ta ce sai ta ga murhun a gabanta tukuna. Gaskiyarta.

Litinin, 31 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

An ce mu kawo makullai da katin shiga ƙarfe goma. Mai karɓa bai zo ba, aka ce in jira a bencin da ke bakin ofishinmu. Shekara ashirin da shida ina wuce bencin nan, yau na san yana da ƙusa a gefe.

Sai ga Malam, matarsa tana riƙe da gwiwar hannunsa. A gaban kowa. Ta zaunar da shi a ɗaya ƙarshen bencin ta koma ƙasa jira. Na gaishe shi, bai amsa ba. Ya rame.

Ƙofar ofis a sakaye take. A ciki an aro mata biyu daga sashen fassara suna karanta sabon kwafin, ɗaya da ƙarfi, ɗaya tana bi. Muna jin komai. Sun wuce na sha biyu, sun wuce na sha uku. Da mai karatun ta ce, "Sashe na goma sha huɗu," sai na ƙara kasa kunne. Ta shiga karanta shi a guje, tana so ta gama kafin lokacin abinci, murhu da sola da jari duk a numfashi ɗaya.

Malam ya karkatar da kai wajen ƙofar. Bai juyo gare ni ba, ya ce, "Ta haɗiye 'kafin'."

Na ce, "Na ji."

"To zaman me kike yi?"

Na tashi na tura ƙofar. Matan suka ɗago suna kallona, ni da aka dakatar, da makulli a hannu. Na ce, "Ku yi haƙuri, 'yan'uwa. Tsaya. Maimaita daga farkon sashen, a hankali."

Ta maimaita. Muka saurara, ni a tsaye bakin ƙofa, shi a kan benci, har ta kai aya. Kwamitin ladabtarwa zai zauna da mu ranar tara ga watan gobe.